Ina Ake Kai Fitinannen Kada Bayan An Kama Shi?

A jihar Fulorida, can kudu maso gabashin Amurka, ba abin mamaki ba ne mutum ya tashi da safe, ya buɗe ƙofar bayan gidansa, ya tarar da kada kwance a kan ciyawa yana shan hantsi. Wani a tafkin wanka na gidansa zai same shi, wani a ƙarƙashin motarsa, wani kuwa a bakin makarantar 'ya'yansa. Maigida ya ɗauki waya ya buga wa hukuma. In an jima sai ga wani mutum ya iso da 'yar a-kori-kura cike da igiyoyi da ƙugiyoyi. A yi ta fama, yara suna leƙe, manya suna ɗaukar hoto, har a ɗaure dabbar tamau a ɗora ta a bayan mota. Mota ta tashi, kowa ya koma harkarsa hankali kwance, ana cewa ai daji za a mai da shi.

To, galibi ba daji ake kai shi ba. Yawancin kadojin da aka kama ta wannan hanya kashe su ake yi, a sayar da fatar da naman. Mutane da yawa daga cikin masu buga wayar ba su san haka ba sai daga baya, wasu ma har su yi da-na-sani. Shi ya sa ya kyautu mu bi sawun wannan mota mu ga inda take zuwa, mu kuma ji dalilin da ya sa hukumar da aka ɗora wa kiyaye namun daji ita ce da kanta take ba da iznin kisan.

Wane irin kada ne?

Kadan da muke magana a kansa ɗan'uwa ne ga wanda muka sani a kogunan Afirka, amma ba iri ɗaya ba ne. Turawa suna kiransa aligeto, sunan kuwa ya samo asali daga Sifaniyawan da suka fara ganinsa suka ce masa "el lagarto", watau ƙadangare. Bakinsa faffaɗa ne mai zagaye, ba tsini kamar na Afirka ba, kuma in ya rufe baki haƙoransa na ƙasa ba sa fitowa waje. Ya fi duhun jiki, ya fi son ruwan daɗi, ya kuma fi jure sanyi. Iri biyu ne kawai a duniya: na Amurka, da wani ƙarami da ya rage a yankin kogin Yangtze na ƙasar Sin.

Macen ba ta cika wuce ƙafa 10 ba. Namiji yakan zarce haka. Mafi tsawo da aka rubuta a Fulorida ya kai ƙafa 14 da inci 3 da rabi, watau fiye da mita 4. Abincinsa kifi ne da kunkuru da macizai da tsuntsaye da ƙananan dabbobi. A ɗabi'arsa yana gudun mutum. Yana kuma da amfani a fadama, gama da rani yakan haƙa rami ya tara ruwa, kifi da tsuntsaye su rayu a nan har damina ta dawo.

Daga bakin ƙarewa zuwa bakin ƙofa

Shekaru sittin da suka wuce babu wanda ya zaci za a yi kukan yawan kada a Amurka. Tun ƙarni na 19 ake harbinsa saboda fata, ana kuma busar da fadamu domin noma da gine-gine, har ya yi ƙaranci ƙwarai a wurare da yawa. Jihar Luwiziyana ta hana farautarsa a 1962. A 1967 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, a 1969 kuma aka gyara doka ta hana safarar fatun sata daga jiha zuwa jiha. Da kasuwar ɓarayin fata ta mutu, sai kada ya farfaɗo da sauri, domin mace ɗaya takan saka ƙwai 30 zuwa 50 a sheƙa. A 1987 aka ba da sanarwa cewa ya fita daga haɗari.

Yau ana ƙiyasta kadoji kamar miliyan 1.3 a Fulorida, kuma babu gunduma ko ɗaya cikin gundumominta 67 da ba su. A Luwiziyana sun haura miliyan 2. A daidai wannan lokaci kuwa mutane ma sun yi ta kwarara. Jama'ar Fulorida ba su kai miliyan 3 ba a 1950, amma a ƙidayar 2020 sun wuce miliyan 21. Kuma abin da mai sayen gida ya fi so a can shi ne gida a bakin ruwa. Masu gine-gine sukan haƙa tafki a tsakiyar kowace sabuwar unguwa domin tara ruwan sama, su haɗa shi da magudanai. Kada bai san shinge ba, bai san takardar fili ba. Duk inda ya ga ruwa da kifi, nan ne gida. Musamman daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin barbara, mazan sukan fita yawo daga wannan tafki zuwa wancan, su ratsa titi da lambu.

A tsakiyar shekarun 1970 ƙararraki suka yi wa hukumar namun daji ta jihar yawa, dubbai kowace shekara. A lokacin ma'aikatanta ne suke zuwa da kansu su kama kada su kai shi wani ruwa mai nisa su sake. Aikin ya cinye musu lokaci da kuɗi, ga shi kuma ƙorafi bai ragu ba. Sai aka gwada wata dabara a 1977, aka kuma shimfiɗa ta a dukan jihar a 1978: a ba masu zaman kansu kwangilar kamun, ladansu ya fito daga jikin dabbar. Da yawa cikin waɗanda aka fara ɗauka tsofaffin mafarautan kada ne, domin su suka san halinsa. A kan wannan harsashi shirin yake tafiya har yanzu.

Yadda ake yanke hukunci

Ba kowane kada da aka gani ake kira fitinanne ba. A ƙa'idar Hukumar Kula da Kifi da Namun Daji ta Fulorida, sai ya kai tsawon ƙafa 4, watau kamar mita 1.2, sa'an nan wanda ya kawo ƙara ya gaskata cewa barazana ne ga mutane, ko dabbobin gida, ko dukiya. A lura da wannan sharaɗi na biyu da kyau. Ba a ce sai ya ciji wani ba. Tsoron mai ƙara shi ne babban ma'auni. Akwai lambar waya ta kyauta da ake bugawa, a yi wa mutum 'yan tambayoyi, a tabbata yana da ikon barin a shiga wurin, sa'an nan a rubuta wa mai kamu na yankin takardar izini.

A shekarun 2010 hukumar takan karɓi ƙara fiye da 10,000 a shekara, a kuma ɗauke kadoji kamar 7,000 zuwa 8,000. In aka gwada wannan da yawan waɗanda kada ya taɓa, za a ga tazara mai faɗi. Bisa lissafin hukumar, daga 1948 zuwa 2021 sau 442 kada ya ciji mutum ba tare da an tsokane shi ba, mutum 26 ne suka rasu. Watau abin da ake kashewa na kadoji a wata ɗaya ya fi yawan mutanen da suka ciza a shekara saba'in.

Amma kada wannan ya sa a raina haɗarin. A watan Yunin 2016 kada ya ja wani yaro ɗan shekara 2 daga bakin tafki a wurin shaƙatawa na Walt Disney World kusa da Orlando, a gaban iyayensa, yaron kuma ya rasu. A cikin kwanakin da suka biyo baya aka kama kadoji 6 a wurin aka kashe, aka bincika su domin gano wanda ya yi ɓarnar. Ma'aikacin da ya taɓa tsayawa gaban iyaye irin waɗannan ba zai yi saurin ce wa mai ƙara ya yi haƙuri ba. Don haka hukuma ta zaɓi ta yi kuskure wajen kashe kada mara laifi, da ta yi kuskure wajen barin mai laifi.

Kamu

Mai kamu ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ɗan kwangila ne mai lasin, kuma da yawansu suna da wata sana'ar dabam. In ya iso ya tarar da kadan a fili, yakan jefa masa sandar kamun kifi mai ƙugiya baki uku, ta maƙale a fatar bayansa, a yi ta ja-in-ja har ya gaji. Kada yana da ƙarfi na ban tsoro, amma ba ya daɗewa yana kokawa. Da ya galabaita sai a zarga masa igiya a wuya a jawo shi tudu. In kuwa ya ɓuya, sai a rataya huhun saniya ko ruɓaɓɓiyar kaza a ƙugiya a bakin ruwa, a dawo washegari. Wasu sukan sa muryar jariran kada da aka ɗauka a na'ura, manya su taso su ga abin da ke faruwa.

Abin mamaki a jikin wannan dabba shi ne ƙarfin muƙamuƙinsa duk wajen rufewa yake. Yana iya farfasa ƙoƙon kunkuru, amma jijiyoyin buɗe bakin raunana ne, har salatif ɗin da masu gyaran lantarki suke amfani da shi ya isa ya riƙe shi. A rufe masa ido da tsumma ya natsu, a naɗe bakin, a ɗaure ƙafafu ta baya, a ɗora a mota.

Daga wannan lokaci, bisa doka, kadan ya zama dukiyar mai kamu. Ƙanana waɗanda ba su kai ƙafa 4 ba, in an tsince su a tafkin wanka ko a garejin mota, su ne akan kai wani ruwa a sake, gama abincinsu kwaɗi ne da ƙananan kifi. Manya kuwa hanya biyu ce gabansu: ko a kashe, ko a tsare su har iyakar ransu. Galibi ba a yin kisan a gaban jama'a. Akan yi amfani da bindiga, ko wata sanda mai harsashi a bakinta wadda take tashi in an dangwara ta, a daidai bayan ƙoƙon kai inda ƙwaƙwalwa take. Sa'an nan a yanke laka domin a tabbata ya mutu nan take.

Me ya hana a mai da shi daji?

Wannan ita ce tambayar da kowa yake yi, amsarta kuma kashi uku ce.

Na farko, kada ya san hanyar gida. In an ɗauke shi aka kai shi nesa, sau da yawa yakan juyo ya nufi inda aka kama shi, ya ratsa tituna da gidajen mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. In ya iso kuma, ya riga ya koyi ƙugiya da igiya, kamunsa na biyu ya fi na farko wuya. Wannan hali na dukan dangin kada ne. A wani bincike da aka buga a 2007, masana a Ostireliya sun ɗauki manyan kadojin bakin teku 3 a jirgi mai saukar ungulu, suka sake su a wurare masu nisa, suna bin su ta tauraron ɗan'adam. Dukansu sun koma. Ɗaya an tsallaka da shi zirin ƙasar Cape York daga yamma zuwa gabas, tafiyar kilomita 126 a sama, amma ya kewayo ta teku, fiye da kilomita 400, cikin kwana 20.

Na biyu, dajin da ake cewa a kai shi ba kango ba ne. Kowace fadama mai kyau tana da kadojinta, kuma sun riga sun raba wuri a tsakaninsu, babba ya san iyakarsa, ƙarami ya san tasa. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. In aka jefa baƙon namiji a ciki, faɗa ne zai tashi, ko ya kashe mai wurin, ko mai wurin ya kashe shi, ko kuwa a kore shi ya fita ya sake faɗawa wata unguwa. Manyan kadoji suna cin ƙanana. Saboda haka sakin da mai kallo yake ɗauka jinƙai ne, sau da yawa jinkirta mutuwa ne kawai zuwa inda ba mai gani.

Na uku, lissafi. Hukuma tana duban jinsin ne gaba ɗaya, ba kowane kada shi kaɗai ba. Cire 8,000 daga cikin miliyan 1.3 bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma haihuwar shekara ɗaya ta mayar da abin da ya fi haka. Hujjar da ta nuna cewa yawa ne yake yanke hukunci tana nan a kudancin jihar. A can akwai wani kada dabam mai tsinin baki, mazaunin ruwan gishiri, wanda yawansa bai wuce 'yan dubbai kaɗan ba. Shi in ya shiga unguwa ba a ba mai kamu shi ya sayar. Akan lallaɓa shi a sauya masa wuri, ko a kai shi inda za a tsare shi. A 2009 har an gwada manna wa irinsa maganaɗisu a ka lokacin da ake tafiya da su a mota, ko a rikitar musu da abin da suke gane hanya da shi. Ashe nasarar da aligeto ya samu ta yawaita ita ce ta rage darajar ran kowane ɗaya daga cikinsu.

Fata da nama

Abin da hukuma take biyan mai kamu ɗan hasafi ne. A shekarun 2010 dala 30 ne a kan kowane kada. Wannan ko kuɗin mai ba ya biya in tafiyar da nisa, balle an yi sawu uku ko huɗu kafin a dace. Ainihin ladansa yana jikin dabbar.

Da an kashe, akan ɗaura wa wutsiyar wani ɗan kwaɗo na roba mai lamba, wanda ba ya buɗuwa sai an karya shi. Wannan lamba tana bin fatar har ƙasar da za a jeme ta. Ka'ida ce ta yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashe suka sa wa hannu a Washington a 1973 domin sa ido a kan cinikin namun daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Dalilin tsanantawar shi ne in an jeme fata, da wuya ma'aikacin kwastan ya bambanta ta aligeto da ta wani kadan da yake bakin ƙarewa. Fatar da ba ta da lamba, ta sata ce.

In ana son sayar da naman, tilas a sanyaya gawar da wuri, a kai ta mahauta mai lasin. A can za a wanke, a feɗe a hankali, gama tsaga ɗaya a ciki tana rage kuɗin fatar. Fatar ciki ita ce mai daraja, domin ta baya cike take da ƙasusuwa kamar sulke. A kankare ta, a zuba gishiri, a naɗe. Dillalai sukan saya bisa tsawo, ƙafa-ƙafa, mafi kyawunta kuma su wuce majemun Faransa da Italiya da Singafo, su fito a matsayin jakunkunan mata, da takalma, da bel, da maɗaurin agogo. Naman fari ne, na wutsiya da na muƙamuƙi aka fi nema, gidajen abinci na Fulorida da Luwiziyana suna soya shi. Akan yi hattara da na wasu wurare, domin tun ƙarshen shekarun 1980 aka gano zaiba da yawa a jikin kifi da kadojin fadamar Everglades. Kai da ƙafafu ma ba a yar da su: a busar, a shafa musu mai sheƙi, a sayar wa 'yan yawon buɗe ido.

Sai dai kasuwar fata ba ta da tabbas. A Luwiziyana farashin ƙafa ɗaya ta fatar daji ya haura dala 30 a 2008, amma da tattalin arzikin duniya ya karye sai ya faɗo ƙasa da dala 10 a 2009. Bugu da ƙari, manyan kamfanonin kayan ƙawa sun fi son fatar kadan gona, wanda aka yi kiwonsa a ɗaki tun daga ƙwai, babu tabo ko ɗaya a cikinsa. Tsohon kadan tafki kuwa duk jikinsa shaidar faɗa ne. Saboda haka lafiyar yaro mai wasa a bakin ruwa a Fulorida tana da alaƙa, ta wata hanya mai nisa, da cinikin jaka a kantunan Paris. In fata ta faɗi, mai kamu yana aiki ne da asara, wasu kuma su ajiye sana'ar.

'Yan kaɗan da suke tsira

Doka ta yarda mai kamu ya sayar da kada da rai ga gonar kiwo, ko gidan namun daji, ko wurin nuna dabbobi mai lasin. Gatorland da ke Orlando, wanda aka buɗe a 1949, yana karɓar wasu daga hannun masu kamu, musamman manya ƙwarai da masu wata alama ta dabam. A 2023 ya karɓi wata ƙaramar kada da aka tsinta babu muƙamuƙinta na sama, labarinta ya bazu a duniya. A watan Yulin 2019 an ga wani kada a tafkin wani lambun shaƙatawa a Shikago, inda sanyin hunturu zai kashe shi. Ga alama wani ne ya yi kiwonsa a gida ya gaji ya yar. Bayan kwanaki ana fama, aka ɗauko gwani daga Fulorida ya kama shi, aka kai shi gidan kadoji na St. Augustine, wanda yake tun 1893.

Irin waɗannan labarai su ne jaridu suke so, amma ba su da yawa. Wanda aka tsare ba a sake mai da shi daji, kuma kada dabba ce mai tsawon rai. A daji yakan yi shekara 35 zuwa 50, a tsare kuwa ya fi haka. Akwai wanda aka kai gidan namun daji na Belgrade a 1937 ya kuma haura shekara 80 a can. Duk wanda ya karɓi kada ɗaya ya ɗauki nauyin ciyarwa na shekaru masu yawa, ga shi kuma manyan maza ba sa zama wuri ɗaya lafiya. Babu gidan da zai iya karɓar dubbai kowace shekara.

Yadda wasu ƙasashe suke yi

Matsalar ba ta Amurka kaɗai ba ce. A arewacin Ostireliya, inda aka hana harbin kadan bakin teku a 1971 ya kuma yawaita daga 'yan dubbai zuwa kamar 100,000, akwai tarkuna na dindindin a tashar ruwan Darwin. Abin da aka kama ba a mai da shi ruwa; gonar kiwo ake kai shi, ko a kashe. A Yuganda kuwa hukumar namun daji takan kama kadojin da suka addabi masunta a gaɓar tafkin Victoria, ta kai su gandun Murchison Falls ta sake.

Masu karatunmu na Ghana za su tuna da Paga, a kan iyakar Burkina Faso, inda baƙo yakan sayi kaza a ba kada, ya kuma riƙe wutsiyarsa a ɗauke shi hoto. Mutanen garin suna ɗaukar kadojin tafkinsu da alfarma, kashe su haramun ne a al'adarsu. Amma a can tafkunan sanannu ne, masu kula da su sanannu ne, kuma irin kadan Afirka ta Yamma ya fi na kogin Nilu sanyin hali. Abin da al'ada ta tsare a gari guda ba ya yiwuwa a jiha mai mutum fiye da miliyan 21, waɗanda da yawansu baƙi ne da ba su taɓa ganin kada ba sai a hoto.

Laifin wa?

A Fulorida ba wa kadan daji abinci laifi ne a doka, kuma dalilin a fili yake. Kadan da ba a saba da shi ba, in ya ji tafiyar mutum sai ya nutse. Amma wanda aka saba jefa wa burodi, ko ragowar nama, ko kayan cikin kifi a wurin da masunta suke gyara kamunsu, ya koyi cewa inda mutum yake nan abinci yake. Gobe in ya hango mutum sai ya nufo shi. Wanda ya nufa kuwa ba lalle ne mai ba shi abincin ba. Wataƙila tsohuwa ce mai yawo da ɗan karenta da magariba, ko yaro mai wasa da ruwa. Ita ta tsorata ta buga waya, kuma tana da gaskiya. Wanda ya jawo abin ya riga ya koma garinsu da hotunansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shawarar da hukuma take bayarwa ba ta da wuya: kada a ba shi abinci, a tsaya nesa da shi, a yi iyo da rana a wuraren da aka keɓe kawai, gama ya fi farauta daga faɗuwar rana zuwa asuba, a kuma riƙe kare da igiya nesa da gaɓa. Wanda ya ga kada yana bin mutane, ko ya kafa zama a ƙofar gida, lalle ya buga waya, kada ya tsaya tausayi. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Amma wanda ya hango shi can tsallaken tafki yana shan rana, bai kula kowa ba, ya kamata ya sani kafin ya ɗauki wayar cewa motar da za ta zo mahauta za ta nufa da shi.